Gidan da Doka ta Kare

"Wa ya buɗe mini sama?"

Muryar Mae Bunruean ce ta fito daga ɗaki, a shaƙe amma da sauran kaifinta. Lamduan ta ajiye ludayi, ta bar tukunyar romo tana tafasa a baranda, ta tsallake dokin ƙofar nan mai tsawon gwiwa ta shiga wurin uwarta. Abin da ta gani ya tsayar da ita. Rana ce fara tas ta ɓullo ta tsakiyar jinka, ta sauko a miƙe har kan tabarmar tsohuwar, ƙura tana yawo a cikin hasken. A ɗakin nan aka haifi Lamduan shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce, amma duk zamanta ta ɗauka bangonsa baƙi ne. Ashe ja ne, ja mai duhu irin na tsohuwar zuma.

"Masu gyara ne, Mae. Ai jiya na gaya miki. Khun Wirot mai gidan ne ya turo su su sauya rufin."

"Rufin ƙara ya kai masa?"

Tsohuwar ta kare fuska da tafin hannu. Yanar ido ta daɗe da cinye mata gani, ba ta gane fuskar kowa sai ta murya, amma haske da duhu ba su ɓace mata ba. A sama samari suna zare fale-falen yumɓun da aka rufe gidan da su, suna miƙa wa juna hannu da hannu har cikin jirgin da ke ɗaure a bakin rafi. A hankali suke aikin, ba su fasa ko ɗaya ba. Ganin haka ya kwantar wa Lamduan da hankali. Wanda zai cuce ka, a tunaninta, ba zai lallaɓa maka kaya haka ba.

Kakan Khun Wirot ne ya gina gidan, wani attajirin shinkafa, a bakin rafin da magabata suka haƙa da hannu don jiragen hatsi su riƙa kaiwa babban kogi. Dukansa katakon tik ne, icen nan mai maiƙo wanda gara ke shakka. A kan dogayen dirkoki yake tsaye, wasu a tudu wasu a cikin ruwa, kuma babu wadda take a miƙe sak: duk sun ɗan karkato ciki kamar dattawan da suka haɗa kai suna shawara. Bangon allo-allo ne, an saƙa kowane allo da ƙananan katakai aka zura shi tsakanin dirkoki. Jinkar ta yi tsini sama don ruwa ya gudu da sauri, gefunanta sun lanƙwashe kamar ƙahon ɓauna. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ice ne ya shiga cikin ice, aka datse da turakun katako.

Mahaifin Mae Bunruean shi ke tuƙa wa attajirin jirage. Da iyalin suka koma babban birni sai suka bar masa gidan haya, Mae tana 'yar yarinya a lokacin. A nan ta yi aure, a nan ta haihu, a nan aka fita da gawar mijinta. Yanzu su uku ne a ciki: ita, da Lamduan mai sayar da taliya da romo ga masu wucewa ta ruwa, da mijin Lamduan, Chamnong, mai haya da kwalekwalen inji.

Shekara uku da suka wuce ma'aikatan ofishin kayan tarihi na lardin suka zo da abin awo da kyamara, suka yi kwanaki suna leƙe-leƙe. Daga baya aka yi biki aka kafa allon tagulla, ba ma a jikin gidan ba, a kan wani turke a gefe, don ko ƙusar allon ba a yarda ta taɓa shi ba. Aka karanta musu abin da ke rubuce: gidan ya shiga ƙarƙashin kariyar doka, ba a rushe shi, ba a sauya masa komai sai da izini.

"Shi ke nan, Mae, mun zama kayan tarihi," in ji Chamnong ranar. "Ke ma yanzu sai da takarda za a taɓa ki."

"Kai za a fara rushewa, tun da ba ka tsufa da kyau ba."

Sun yi murna da gaske. Gidajen dama da hagu duk an kwashe su, an dasa otal-otal na siminti masu gilashi, maƙwabtan da Lamduan ta tashi da su sun watse. Ga shi doka ta ce nasu yana nan daram. Khun Wirot ma ya zo bikin, ya tafa, ya durƙusa gaban Mae ya ba ta kwandon mangwaro.

Kafin la'asar samarin suka gama kwashe rabin rufin, ɓangaren ɗakunan kwana. Suka shimfiɗa shuɗiyar tamfol a kai, suka ɗaure da igiya. Babbansu ya sha romo kwano biyu, ya goge baki ya ce sababbin fale-falen suna hanya, sai sun dawo.

Jirgin ya sulale da tsofaffin fale-falen, ya sha kwana ya ɓace.

* * *

Ba su dawo ba.

Iskar farkon damina ta yaga tamfol ɗin gida biyu. Chamnong ya hau ya ɗinke, iska ta sake yagawa. Ruwan farko da ya sauka ya same su suna guje-guje da robobi da tukwane, har da kwanukan da Lamduan ke zuba wa masu saye. Suka ja tabarmar Mae daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana zaune a kai tana faɗa.

"A gidan ubana ake yawo da ni kamar buhun shinkafa! Ku ajiye ni wuri guda in jiƙe da mutuncina."

Lamduan ta buga wa Khun Wirot waya. Ya ɗauka da fara'a, ya tambayi jikin Mae. Ya ce ai irin waɗannan fale-falen ba a sayen su a kasuwa, sai an gasa su yadda ake gasawa a zamanin da, kuma mai gasawar ba shi da lafiya. Da ta sake bugawa bayan mako biyu ya ce takardar izini ce ta maƙale a ofis. Bayan nan sai wayar ta riƙa ƙara har ta gaji.

Ran da ta ga funfuna ta fara fito wa jan bangon nan fari-fari, ta rufe tukunya da wuri, ta sa rigarta ta zuwa haikali, ta hau mota zuwa ofishin. Aka tura ta wurin Khun Orathai, matashiyar da ta jagoranci awon gidan. Ita ce a wancan lokaci ta kwanta rigingine a ƙarƙashin daɓe tana shafa haɗin katakan da yatsa, tana cewa a duk lardin babu sauran irinsa.

Orathai ta saurare ta har ƙarshe, fuskarta tana sauyawa.

"Goggo, izinin da aka ba shi na cirewa da mayarwa ne, kuma yana hannunsa tun kafin a taɓa rufin. Babu abin da ya maƙale a nan."

"To a sa shi ya mayar mana."

"Zan rubuta masa."

"In bai amsa ba fa?"

"In sake rubutawa." Ta sunkuyar da kai. "Dokar ta ce kada ya rushe. Ba ta sa masa ranar da zai gama gyara ba."

Lamduan ta ce, "To mu a ba mu izinin. Mijina zai iya rufewa."

"Mai gida kaɗai ke nema, Goggo. Ku 'yan haya ne." Orathai ta miƙo hannu ta riƙe nata. "Don girman iyayenki kada ku taɓa shi. Ko ƙusa ɗaya. Ku ba ni lokaci in kai maganar sama."

A mota Lamduan ta yi ta juya zancen a ranta. Wanda zai iya ba ya so, wanda yake so an ɗaure masa hannu. Ta duba ta taga, gabas ta yi baƙi ƙirin.

* * *

Marka ta kama. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa; ya wuni yana zuba, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Rafin ya cika ya yi launin shayi, ya haɗiye rabin dirkokin. Daɓen ɗakin Mae ya yi santsi, ya fara kumbura a wuraren haɗi. Suka dawo da ita falon gaba inda sauran rufi yake, amma danshi ba ya neman izinin shiga ɗaki. Bargo ba ya bushewa. Shinkafa ta yi wari a buhu.

Sai tari ya kama tsohuwar. Da farko busasshe, daga baya ya sauka ƙirji, kana jin sa yana kurman ƙara kamar ana jan kujera. Ɗan Lamduan da ke aiki a masana'anta a babban birni ya ce a kawo ta wurinsa. Mae ta ce sai dai a kai gawarta.

Wata safiya Chamnong ya fita da kwalekwale bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Da hantsi ya dawo, jirgin ya nutse har baki da kwanon rufi sabo fil, da ƙullin ƙusoshi a leda.

"Chamnong," in ji Lamduan daga baranda. "Yarinyar nan ta ce ko ƙusa ɗaya."

"Na ji. Shi ya sa na sayo da yawa."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma yau ban zo da shi ba." Ya ɗaure jirgin ya ɗago kai ya dube ta, ruwa yana bin goshinsa. "Matar nan ita ta ba ni ke, ba ni da ko tabarmar kaina. In tsaya ina kallon ruwa yana cin ta saboda allon tagulla? Riƙe min tsani."

Ta riƙe masa.

Da guduma ta sauka a kan ƙusar farko, Lamduan ta ji abin har cikin haƙoranta. Katakon ya yi tauri da shekaru, ƙusa tana lanƙwashewa, sai ya zare ya sa wata. Daga ciki Mae ta ɗaga murya.

"Wane mara kunya ne yake dukan gidan nan?"

"Surukinki ne, Mae!"

"Dama na sani. Ka bi shi a hankali, ya girmi ubanka."

Kafin yamma an rufe. Bai yi kyau ba ko kaɗan: farin kwano yana ƙyalli a gefe guda, tsohon yumɓu mai gansakuka a ɗaya gefen, kamar an yi wa dattijo haƙorin gwangwani. Amma da ruwa ya dawo, a waje ya tsaya.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a daminar. Lamduan ta kunna gawayi a kasko ta zagaya da shi ɗaki-ɗaki har katakon ya daina gumi. Ta goge funfunar da tsumma da man kwakwa. Kwanukanta suka koma aikinsu na zuba taliya. Mae ta koma ɗakinta tana mitar cewa ƙarar kwanon nan za ta kurmantar da ita, amma takan yi barcin rana har da minshari, tarin ma ya fara sassautawa. Da safe ta sa a zaunar da ita a baranda ta ji jirage suna wucewa, tana faɗin sunan kowane matuƙi daga ƙarar injinsa, tana aika wa kowa da tsiyarsa.

Ana cikin haka wata rana wani jirgi ya rage gudu a gaban gidan. Mutumin da ke ciki bai nemi taliya ba. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton rufin ta gaba da ta gefe, ya wuce.

* * *

Ƙarar da aka kai kotu ta ce ɗan haya ya lalata ginin tarihi da gangan. Khun Wirot ne ya shigar da ita, a matsayinsa na mai gida wanda doka ta ɗora wa alhakin kiyaye shi.

A kotu Chamnong ya sa fararen kayansa na jana'iza, don su kaɗai ne masu guga. Bai musa komai ba. Aka kira Khun Orathai shaida. Lauyan mai gida ya miƙe, muryarsa a sanyaye.

"A asalin ginin nan akwai ƙusa?"

"Babu."

"Yanzu fa?"

"Akwai."

"Sun yi wa katakon illa?"

Ta waiwayo ta dubi Lamduan. "Sun tsaga wasu daga cikin tankunan jinkar. Amma ruwan da ya riƙa..."

"Ruwa ba ya gaban kotu, Khun Orathai. Na gode."

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya ce ya fahimci halin da iyalin ke ciki, saboda haka ba zai ɗaure kowa ba. Ya ci Chamnong tara, ya kuma ba da umarnin a cire duk abin da aka ƙara wa ginin, a mayar da shi yadda yake.

"Yadda yake yaushe, ranka ya daɗe?" in ji Chamnong. "Da rufi ko babu?"

Aka ce ya zauna.

Shi da kansa ya cire. Lamduan ta riƙe masa tsanin, ɗan sanda yana zaune a baranda a ƙarƙashin laima yana kallon ruwa, ya ƙi yarda su haɗa ido. Kowace ƙusa sai ta yi ƙara kafin ta fito. Chamnong yana zarewa yana zubawa a aljihu, bai ce uffan ba tun daga hawa har sauka. Shekara talatin suna tare, Lamduan ba ta taɓa ganin ya yi aiki bakinsa a rufe ba.

Ba a yi mako ba numfashin Mae ya fara sarƙewa. Wannan karon ba ta da ƙarfin gardama. Chamnong ya goya ta ya sauka da ita jirgi, Lamduan ta rufa mata leda, suka nufi asibiti.

A barandar asibitin Khun Wirot ya same ta, riƙe da kwandon 'ya'yan itace. Ya yi furfura, ya ɗan rame. Tare suka yi wasan ɓuya a ƙarƙashin gidan nan suna yara, in an kawo shi hutu.

"Yaya jikin Mae?"

"Ruwa ne a huhunta." Ta dube shi. "Khun Wirot, in tambaye ka? Mai gasa fale-falen nan ya warke?"

Ya ajiye kwandon a kan benci, ya zauna a gefensa.

"Lamduan, kin ga masu filin dama da nawa, kin ga na hagu. Ƙasarsu tana ciyar da 'ya'yansu har da jikoki. Ni aka zo aka kafa min allo, aka tafa, kowa ya tafi gidansa. Ba a tambaye ni ba. Ba a ba ni ko katako ɗaya na gyara ba. An ce in riƙe wa ƙasa tarihinta da aljihuna."

"Sai ka buɗe wa ruwa ƙofa."

"Ban rushe komai ba. Ban kori kowa ba."

"Uwata tana ciki."

"Na ɗauka za ku tashi tun ruwan farko." Ya murza goshinsa. "Kowa zai tashi. Ban san za ku zauna ba."

Ta nemi fushin da ta kwana biyu tana tarawa, ta same shi, amma ya yi nauyin da ba za ta iya ɗaga shi ba. Da ya miƙe zai tafi, hannuwanta suka haɗu a ƙirji da kansu, kanta ya sunkuya, gaisuwar da aka koya mata ta yi wa 'yan gidan attajiri tun ba ta iya magana ba. Sai da ya sha kwana ta sauke su, ta zauna tana kallonsu.

* * *

Ƙarshen damina babbar azarar ɗakin Mae ta lotsa. Ba ta karye ba, ta dai sunkuya. Hakan ya isa. Masu duba gine-gine suka zo da hulunan kwano suka zagaye gidan da jan ƙyalle, suka ce hatsari ne ga masu wucewa ta rafi. Kwamiti ya zauna ya ce ginin ya rasa abin da ya sa aka kare shi, ga ruɓa ga ɓarnar ƙusa. Aka cire sunansa daga jerin gine-ginen da doka ta kare.

Lamduan da Chamnong suka kama ɗaki a wani benen siminti a bayan kasuwa, hawa na uku, tagarsa tana kallon bangon wani benen. Mae tana asibiti har lokacin. Kullum Lamduan ta je da niyyar gaya mata, kullum ta dawo da maganar a bakinta.

"An gyara rufin?"

"Ana kai, Mae."

"Da yumɓu, ba da gwangwanin mijinki ba?"

"Da yumɓu."

Ran da za a kwance gidan ta je ta tsaya a ɗaya gaɓar. Gidan da ba ƙusa ba ya wahalar kwancewa. Aka buge turakun da guduma ta katako, allunan bango suka zaro ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire littattafai daga kanta. Wani mutum mai farar hula yana bin kowane allo yana ƙwanƙwasawa da yatsa, yana sa masa lamba da alli. Har inda take tana jin amon katakon, garau. In ban da azarar nan da 'yan katakan daɓe, lafiyarsu ƙalau. Masu aikin suka ce wani otal na bakin teku ne ya saya, za a sake haɗa shi a cikin lambu baƙi su riƙa shan shayi a ciki.

Khun Orathai ta zo ita kaɗai, da ƙaramin abin kwance noti. Ta kwance allon tagullar ta naɗe shi a tawul. Da ta hango Lamduan ta tsallako ta gada, ta tsaya a gefenta.

"Na kai maganar sama, Goggo. Har sau nawa."

"Na sani."

"Da ban sa shi a jerin ba, da tuni an rushe shi. Da na sa shi kuma..." Ba ta ƙarasa ba.

"Kin ci abinci?" in ji Lamduan.

Yarinyar ta girgiza kai, hawaye yana zubo mata. Suka tsaya tare har aka ciro dirka ta ƙarshe daga laka.

* * *

Da sanyi ya shigo likita ya kira Lamduan gefe. Ya ce sun yi iyakar abin da za su iya, gara a kai tsohuwa gida ta huta cikin nata.

Chamnong ya ce su ɗauki tasi kai tsaye zuwa benen, in sun isa sa yi mata bayani. Mae ta ji shi.

"Tasi? Ni ban taɓa shiga gidana ta baya kamar ɓarauniya ba. Ina jirginka? Ko ka sayar ka sha giya?"

"Yana nan, Mae."

"To."

Suka dubi juna. Lamduan ta buɗe baki, ta ga yadda tsohuwar ta riga ta ɗaure ɗan ƙullin kayanta ta rungume a ƙirji, ta rufe.

Rafin ya koma cikinsa, ruwan ya kwanta luf. Chamnong ya kashe inji ya ɗauki filafili yana tuƙi da hannu, wai don kada girgiza ta dame ta, amma Lamduan ta san jan lokaci yake don kada su isa da wuri. Mae tana kishingiɗe a jikinta, ba nauyi kamar yarinya, fuskarta a sama tana shaƙar iska. Ba ta gani, amma ba ta ɓata ba.

"Mun wuce haikali, na ji turare. Yanzu sai kwanar mai gawayi." Can ta ce, "Ga gada, na ji sanyinta. Ka matsa dama, kai, akwai kututture a nan."

Babu kututturen, an cire shi tun shekarun baya. Chamnong ya matsa dama.

"Tsaya. Mun zo."

Sun zo ɗin. Matakalar da ke sauka cikin ruwa tana nan, don ta bulo ce, babu wanda ya saye ta. Jirgin ya jingina da ita a hankali. Daga samanta an ja waya mai ƙaya, bayan wayar fili ne fetal, jar ƙasa da sawun manyan motoci, da ramukan da dirkoki suka bari a jere, kowanne cike da ruwa.

"Yau unguwar shiru," in ji Mae. "Masu gyaran sun tashi?"

"Sun tashi, Mae," in ji Chamnong.

Ta laluba da hannu har ta taɓa bulon, ta shafa shi. Sannan ta sunkuya da ƙyar ta zare takalmanta, ta jera su a kan matakalar, kawunansu suna kallon rafi. Ta ɗebi ruwa da tafin hannu ta wanke ƙafa ɗaya, ta wanke ɗayar, don ba a hawa gidan mutane da ƙura.

Ta miƙa wa 'yarta hannu.

"To, kama ni in hau."